Me ya sa dattawan matuƙa ke mutuwar son tsofaffin ƙananan jirage?

Tambaya: Assalamu alaikum, Baba Injiniya. Ni haifaffen Jidda ne, iyayena 'yan Kano. Ina koyon tuƙin ƙaramin jirgi, kuma jiragen makarantarmu sababbi ne fil, gabansu duk allon kwamfuta. Amma duk dattijon matuƙin da na zauna da shi, hirarsa ba ta wuce Piper Cub da tsohuwar Cessna, jiragen da suka girmi mahaifina. Mene ne sirrin? Sannan mu huɗu muna tunanin haɗa kuɗi mu sayo irinsu daga Amurka. Shawara ce ko ganganci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗana. Allah Ya yi wa karatun albarka.

Ba rikicin tsufa ke damun dattawan nan ba. Akwai kewar ƙuruciya a ciki, ba na musu, domin kowa yana son jirgin da ya fara tashi da shi shi kaɗai. To amma da kewa ce kawai, da ba ka ga matuƙan manyan jiragen fasinja, masu yini a cikin Boeing da Airbus, suna kashe albashinsu a kan jirgin kyalle mai kujera biyu ba. Abin da ke jan su shi ne tsohon jirgi ba ya ɓoye wa mai shi komai. Abin da hannunka ya yi shi jirgin zai yi, kuskurenka nan take zai nuna maka, kuma in ka buɗe murfin injin za ka iya bin kowace waya da kowane tiyo da ido har inda ya ƙare.

Ɗauki Piper J-3 Cub ɗin da suke ta ambata. An fara ƙera shi a 1938 a garin Lock Haven na jihar Pennsylvania, aka daina a 1947, bayan an yi kusan 20,000. Launinsa rawaya ne da baƙin zane kamar walƙiya a gefe. Gangar jikinsa bututun ƙarfe ne aka lulluɓe da kyalle, aka shafe da fenti har ya ɗame. In ka ƙwanƙwasa da yatsa sai ya amsa. Injin da aka fi sani a kansa Continental ne mai ƙarfin doki 65, kan silindojinsa a waje suna shan iska. Ba batir, ba sitata. Mutum ne zai tsaya gaban farfela ya finciko ta da hannu, bayan shi da na cikin jirgin sun yi kira da amsa a kan birki da makunni. Tankin mai yana gaban matuƙi, galan 12 kacal. Ma'aunin man kuwa wata 'yar waya ce da ta leƙo ta murfin tankin, ƙasanta a soke jikin wani abu mara nauyi da ke yawo a saman mai. Kana tafe kana kallon wayar ta gilashi tana nutsewa a hankali. In ta kusa ɓacewa, nemi wurin sauka. In kai kaɗai ne, a kujerar baya za ka zauna saboda daidaiton nauyi, don haka a ƙasa ba ka ganin gabanka sai ka riƙa karkata hancin jirgin dama da hagu kana leƙe. Ƙofarsa ɗaya ce mai ɓari biyu, ɗaya ya ɗaga sama ɗaya ya faɗi ƙasa, kuma ana tashi da ita a buɗe. Gudunsa wajen kilomita 120 a awa, wato motar da ke bin titin Jidda zuwa Madina tana iya yin kafaɗa da kafaɗa da shi, in iska ta taso masa ta gaba ma ta bar shi a baya. Wanda ya hau Cub ba sauri yake yi ba. Ƙasa yake son kallo, yana jin ƙamshin gonar da yake wucewa.

Sai batun taya, wanda a nan ne dattawan suka fi cika baki. Jiragen makarantarku tayarsu ta uku a hanci take. Nauyin jirgin yana gaban manyan tayoyi, saboda haka in ka sauka a ɗan karkace shi da kansa yake neman miƙewa. Cub da tsaransa, irin su Aeronca Champ da Cessna 170, tayarsu ta uku a wutsiya take. Nauyin yana bayan manyan tayoyi, kullum wutsiyar neman hanyar da za ta riga hanci take yi. Ka yi sakaci da ƙafafunka a kan fedar da ke sarrafa wutsiya na daƙiƙa biyu, musamman in iska na bugowa ta gefe, sai jirgin ya yi juyi a kan titi, bakin fiffike ya daki ƙasa. Shi ya sa a dokar Amurka sai malami ya sa maka hannu na musamman kafin ka tuƙa mai tayar wutsiya. Wanda ya ƙware a kansa ƙafafunsa ba sa barci, kuma ana gane shi ko a babban jirgi ranar da iska ta yi tsanani. A wannan gaɓar ina tare da su ɗari bisa ɗari.

Ni da sana'ata gyara ce, injin ne ya fi burge ni. Injinan Lycoming da Continental da ke kan waɗannan jirage tsarinsu bai canza sosai ba tun shekarun 1940 da 1950. Iska ke sanyaya su, ba lagireto ballantana ruwa ya zube. Farfela a jikin injin take kai tsaye, ba giya a tsakani. Wutar fulogi daga maganeto take zuwa, wata 'yar na'ura da injin ke juyawa tana samar da wuta, guda biyu, kowanne da nasa jerin fulogan, kuma ba ruwansu da batir. Ko duk wutar jirgin ta ɗauke, rediyo ya mutu, fitilu suka mutu, injin yana nan yana aiki. Dalilin da ya sa mutanenmu suka daɗe suna riƙe da Fijo 504 ke nan: ba don ta fi sababbin motoci daɗi ba, sai don makaniken kowace tasha ya san cikinta. Sabon jirgi in allonsa ya yi gardama, cire akwatin ake yi a aika wa kamfani, a zauna jiran dawowarsa.

Akwai kuma dalilin da ba su cika faɗa ba, shi ne aljihu. A 1978 masana'antun Amurka sun fitar da ƙananan jirage sama da 17,000 a shekara guda. Daga nan kasuwar ta rushe. Ƙarar da ake kai kamfanoni kotu duk lokacin da aka yi hatsari, ko da jirgin ya shekara 30 a hannun mutane, ta sa kuɗin inshora ya yi tashin gwauron zabi, har Cessna ta dakatar da ƙera ƙananan jiragenta masu fistin a 1986. Sai da majalisar Amurka ta yi doka a 1994 wadda ta taƙaita alhakin kamfani zuwa shekara 18 sannan aka koma aiki, amma ba a sake kusantar adadin da ba. Sakamakon shi ne mafi yawan ƙananan jiragen da ke hannun mutane a duniya yau na shekarun 1960 da 1970 ne. Cessna 172, wadda ta shiga kasuwa a 1956 kan ƙasa da dala 10,000, an ƙera fiye da 44,000, babu jirgin da ya kai ta yawa a tarihi. Sabuwarta yanzu ta haura dala 400,000, wato sama da riyal miliyan ɗaya da rabi. Malamin makaranta ko ƙaramin ɗan kasuwa ba zai iya ba, sai ya sayi ta 1974, ya zauna da ita shekara da shekaru, ya san kowane ƙusa nata. So yakan biyo bayan zama.

Ga labarai kuma da suka taru a kansu. Wasu mutum biyu, Robert Timm da John Cook, sun tashi da Cessna 172 daga Las Vegas a ƙarshen 1958, ba su sauka ba sai bayan kwana 64, ana miƙa musu mai ta tiyo daga motar da ke gudu a ƙarƙashinsu. A watan Mayun 1987 wani saurayi Bajamushe ɗan shekara 18, Mathias Rust, ya ratsa tsaron Tarayyar Sobiyet da 172 ya sauka dab da dandalin Red Square a Mosko. Cub kuwa ya yi yaƙin duniya na biyu da sunan L-4, yana leƙo wa masu igwa inda abokan gaba suke. Duk ƙarshen Yuli masu wannan so suna haɗuwa a Oshkosh ta jihar Wisconsin, jirage wajen 10,000, mutane na kwana a tanti ƙarƙashin fiffike. Mu ma muna da namu rabon a tarihin, ko da yake ba mu cika ba shi muhimmanci ba. Jiragen farko da suka sauka a Kano, ranar 1 ga Nuwamba 1925, guda uku ne na sojan saman Ingila masu fiffike biyu sama da ƙasa, kuma daga Masar suka taso suka biyo ta Sudan da Chadi da Maiduguri. Kusan hanyar da kakanninmu suka bi da ƙafa zuwa aikin Hajji ce, su suka biyo ta a juye. Nan Saudiyya ma kamfanin jiragen ƙasar da jirgin DC-3 guda ya fara, kyautar Shugaba Roosevelt ga Sarki Abdul'aziz a 1945. In ka shigo Riyad ka leƙa gidan tarihi na Saƙr al-Jazira, sannan ka ƙarasa filin Thumama a arewacin birnin, mazaunin ƙungiyar masu sha'awar tuƙin jirgi ta Saudiyya wadda Yarima Sultan bin Salman ya assasa. Can ne za ka ga masu ƙananan jirage a zahiri, ka yi musu tambayoyin da littafi ba ya amsawa.

Inda na rabu da dattawan shi ne in suka ce tsohon jirgi ya fi sabo aminci. Ba haka ba ne. Ana cewa da tsohuwar zuma ake magani, to amma jirage da yawa na kafin 1978 bel ɗin ƙugu kaɗai suka zo da shi, ba na kafaɗa, kuma a saukar gaggawa rashin bel ɗin kafaɗa shi ke haɗa fuskar mutum da allon gaba. Masu kabureta ƙanƙara tana iya taruwa a maƙogwaronsu ta shaƙe injin, ko da rana ana zafi, muddin akwai laima a iska. Ɗumin cikin jirgi daga jikin salansa ake ɗebo shi, in ta tsage hayaƙin da ba shi da wari zai shigo ya sa matuƙi barci. Sabon jirgi irin Cirrus har lema gare shi da ke sauko da jirgin gaba ɗaya, allonsa kuma yana nuna maka duwatsu da sauran jirage. Waɗannan ba ado ba ne. Tsohon jirgi yana da aminci ne gwargwadon hannun da ya riƙe shi, kuma mai hankali yana ƙara masa bel ɗin kafaɗa da na'urar gano hayaƙi tun ranar farko.

Yanzu ga tambayarka ta biyu. Haɗa kuɗi ba ganganci ba ne, ganganci shi ne ku sayi jirgin da aka yi don korayen filayen Pennsylvania ku kawo shi Hijaz ba tare da lissafi ba.

Fara da zafi. Iska mai zafi sakayau take, fiffike ba ya samun abin riƙewa sosai, injin ma ba ya samun abin shaƙa. Ƙa'idar da aka koya muku ita ce duk digiri ɗaya da zafi ya haura mizani, wato zafin da aka ƙayyade wa wuri gwargwadon tudunsa daga teku, jirgi yana ji kamar an ɗaga filin da ƙafa 120. Riyad tana wajen ƙafa 2,000 daga teku, mizanin zafinta digiri 11. Ranar da aka kai 45, jirgin yana jin kamar yana ƙafa 6,000 alhali tayarsa na ƙasa. Injin da ba shi da tabo, wato na'urar da ke cusa masa ƙarin iska, yana asarar kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace ƙafa 1,000, ka ga dokin Cub 65 sun koma hamsin da 'yan kai. Abha ta fi muni: filinta ya kusa ƙafa 6,900, da zafin digiri 30 kawai lissafin ya haura 10,000. Ka ɗora ƙarti biyu da cikakken tanki a kan wannan, jirgin zai cinye titi yana tunanin ko ya tashi. Shi ya sa masu ƙananan jirage a nan bayan sallar Asuba suke fita, kafin hantsi sun dawo suna shan gahawa, lokacin bazara kuwa wasu ajiyewa suke yi gaba ɗaya.

Rana kuma maƙiyiyar kyalle ce. Na da auduga ne, na yanzu na roba, ana shafa masa fenti mai ruwan azurfa a ƙarƙashi don ya tare hasken, amma duk da haka jirgin kyalle ba ya zama a waje a ƙasar nan. Dole sai rumfa, kuma kuɗin rumfa kowane wata ne. Sake lulluɓe shi aiki ne na watanni, masu iya shi a yankin nan ƙalilan ne. Ga shi Cub na asali ba shi da wutar da zai riƙe rediyo da na'urar da ke nuna wa hasumiya inda yake, alhali sararin Jidda cike yake da manyan jirage.

Na alminiyam ya fi jure rana, amma shi ma Jidda ba ta raga masa. Bushewar Najad alheri ce ga ƙarfe, dalilin da ya sa ake ajiye tsofaffin jirage a hamadar Arizona ke nan. Bakin Bahar Maliya kuwa laima ce da gishiri. Na sha cire marfin duba na ƙarƙashin fiffiken jirgin da fentinsa ke ƙyalli, in haska tocila in ga farin gari ya taru a gindin ƙusoshi, in taɓa da tsinke ƙarfen ya ɓare. Cessna da yawa na wancan zamani ba a shafa musu maganin tsatsa a ciki ba tun daga masana'anta. Injin da ke zaune ba a tashinsa ma tsatsa yake yi ta ciki, musamman Lycoming, wanda kamshaf ɗinsa, sandar da ke buɗe bawul, ke sama, mai ya tsiyaye ya bar shi a bushe. Don haka jirgin da ya shekara 50 ana tashi da shi kowane mako ya fi mini wanda ya shekara 20 rabinsu a ajiye. Ƙura ita ma tana cin bakin farfela, tana ratsa matatar iska ta goge silinda, sai an riƙa canza baƙin mai da wuri.

Man kansa sai kun bincika kafin komai. Waɗannan injinan 100LL suke sha, shuɗin fetur mai dalma, kuma ba kowane fili ke da shi ba a yankinmu. Wannan ne ya sa makarantu da dama suka koma jirage irin Diamond masu injin dizal da ke shan kananzir ɗin manyan jirage, wanda ake samu ko'ina. Amurka ma tana ƙoƙarin raba man da dalma nan da 2030. Wasu tsofaffin injina ana ba su izinin shan fetur ɗin mota da takarda ta musamman, amma banda wanda aka gauraya da etanol, kuma a zafi irin namu yana saurin zama tururi a cikin tiyo ya yanke wa injin abinci. Ku tabbatar da inda za ku sha mai a filin da za ku ajiye jirgin da kuma duk inda kuke burin zuwa.

Da ni ne ku, Cub sai in bar shi a matsayin abin marmari, in na je Amurka ko Ingila in biya malami awa biyar ko goma in koyi tayar wutsiya. Abin saye kuwa 172 ce ta shekarun 1970 zuwa 1986. Fiffikenta a sama yake, inuwa ce kyauta, tana da ƙofa biyu da tagar da ake buɗewa, kayan gyaranta kuma ba sa wuyar samu. Samfurin M na 1973 zuwa 1976 mai doki 150 injinsa ba ya da rigima. Samfurin N na 1977 zuwa 1980 ya zo da wani injin da ya yi ƙaurin suna wajen cin kamshaf, sai an duba abin da aka yi masa. In kun dace da wadda aka sa wa injin doki 180, ku ƙara kuɗi ku ɗauka, saboda zafin da na lissafa maka. Kujerunta huɗu ne, amma kada ku ɗauka ku huɗun za ku shiga tare da cikakken mai a watan Yuli. Piper Cherokee ma jirgi ne nagari kuma yakan fi araha, sai dai ƙofarsa ɗaya ce, ga kuma umarnin duba ƙashin fiffike da hukumar jiragen Amurka ta fitar kan wasu samfuransa bayan hatsarin 2018 a Florida.

Kafin ku tura ko sisi, ku rubuta wa hukumar sufurin jiragen sama ta Saudiyya, GACA, ta ba ku sharuɗɗan rajista a rubuce: wa ke da ikon mallaka, me ake nema daga mai iƙama, kuma ko ta amince da irin jirgin da duk canje-canjen da aka yi masa. Bayan nan sai littattafan jirgin, na gangar jiki da na inji da na farfela, tun daga ranar da ya fito masana'anta. In an ce wasu shekaru sun ɓata, rage kuɗin sosai ko ku haƙura. Ku ɗauki makaniken kanku, wanda ba ya cin abinci a wurin mai sayarwa, ya auna matsin kowace silinda, ya zura kyamara ciki, ya yanka matatar mai. Wannan na ƙarshen kada a tsallake shi. Ana yanke gwangwanin ne, a zaro takardar ciki a warware ta a rana kamar rawani, a bi lungunanta da maganaɗisu. In ya fito da gashin baƙin ƙarfe a bakinsa, injin yana cin kansa, ko da littafi ya ce saura masa awa 1,000.

Tsakaninku ku huɗun kuma a yi yarjejeniya a rubuce, da shaidu, tun ana dariya. Kuɗin rumfa da inshora da binciken shekara a raba daidai, ko mutum ya tashi ko bai tashi ba. Mai kuwa kowa ya biya nasa, wajen lita 30 a awa. Sannan kowace awa a ajiye wani abu a asusu don ranar sabunta inji, domin kamfanin Lycoming awa 2,000 ko shekara 12 ya ba irin wannan injin. A ce aikin zai ci dala 40,000, to kowace awa dala 20 ke nan, riyal 75, a zuba kafin a bar filin. Ku rubuta wanda zai biya in wani ya daki farfela a ƙasa, da yadda za a yi in ɗayanku aikinsa ya ƙare ya tashi komawa gida, wa zai sayi kasonsa kuma a kan wane farashi.